Wa ke da ikon tsayar da aiki a masana'anta?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin sharhi.

Ranar 5 ga Janairun 2024, wani jirgin sama ƙirar Boeing 737 MAX 9 na kamfanin Alaska Airlines ya tashi daga birnin Portland na Amurka da fasinjoji 171. 'Yan mintoci da tashinsa, ya kai nisan ƙafa kusan 16,000 a sama, sai wani murfi da aka toshe gurbin ƙofa da shi ya ɓalle daga jikin jirgin, iska ta yi gaba da shi. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, matuƙan suka juyo suka sauka lafiya. Jirgin nan sabo ne dal, ko wata uku bai cika da fitowa daga hannun maƙeransa ba.

Da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta bi diddigi, sai ta tarar noti huɗu da ke riƙe murfin babu su. A watan Satumban 2023 an buɗe murfin a masana'antar Boeing da ke Renton domin a gyara wasu ƙusoshi biyar da suka zo da matsala a gefensa. Aka gama gyara, aka mayar da murfi, noti kuwa ba a mayar ba. Ƙa'idar kamfanin ta ce duk sanda aka cire wani abu daga jikin jirgi sai an cike takarda. Ba a cike ba. Tunda babu takarda, babu abin da ya sanar da mai duba inganci cewa ga wurin da zai je ya duba. Haka jirgin ya fita.

Na fara da wannan labari ne saboda ƙorafin da aka saba ji daga bakin injiniyoyi da ma'aikata, cewa tsarin kula da inganci tarin takardu ne kawai masu cinye lokaci. Wani lokaci da gaskiyarsu. Amma a aikin da ke bi ta hannun ɗaruruwan mutane, masu aikin safe su tashi na dare su karɓa, rubutun nan shi kaɗai ke gaya wa na baya abin da na gaba ya taɓa. Wanda ya kwance noti zai iya tafiya hutu, zai iya mantawa. Takardar ce ba ta mantuwa, in har an cike ta, kuma in har gaskiya aka rubuta a ciki.

A farkon zamanin manyan masana'antu, yadda ake yi shi ne a ƙera kaya da yawa, a tsayar da mutum a ƙarshen layi ya riƙa tsince masu aibu. A 1924 wani masanin kimiyya mai suna Walter Shewhart, da ke aiki da kamfanin Western Electric na Amurka, ya fito da wata dabara. Ya lura cewa babu injin da ke fitar da abu biyu daidai wa daida, dole a sami ɗan bambanci. Abin da ake bukata shi ne a rarrabe bambancin da ya zama ɗabi'ar injin da wanda ke nuna wani abu ya lalace. Ya zana jadawali mai iyaka a sama da iyaka a ƙasa, ana auna samfur lokaci-lokaci ana ɗiga sakamakon. Da zarar awo ya tsallake iyaka, ko ya fara karkata gefe guda, sai a nemi dalili tun kafin a tara kayan da za a zubar. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, to Shewhart lissafi ya yi wa wannan magana.

W. Edwards Deming, wanda ya ɗauki ilimin daga Shewhart, shi ya kai shi Japan a 1950, lokacin da duniya ke kallon kayan Japan a matsayin masu araha marasa ƙarko. Ya koyar da injiniyoyi, amma ya nace sai shugabannin kamfanoni sun zauna sun saurara da kansu, domin a ganinsa mafi yawan aibu daga tsarin aiki yake fitowa, tsari kuwa a hannun shugabanni yake. Cikin shawarwari 14 da ya shahara da su akwai wadda nake ganin ta fi sauran nauyi, wato a kori tsoro daga wurin aiki.

Toyota ta mayar da wannan magana igiya. A layin haɗa motocinta an rataya igiya da kowane ma'aikaci zai iya ja idan ya ga abin da bai gane masa ba. Yana ja fitila ta kama, shugaban rukuninsa ya garzayo. In an shawo kan matsalar nan take, aiki ya ci gaba. In ba a shawo kanta ba, layin ya tsaya. Masu sauraro, a yi tunanin abin da wannan ke nufi. Kowane minti da layi ya tsaya asara ce, amma an danƙa wannan iko a hannun mafi ƙanƙantar ma'aikaci, kuma ba a tsawata masa don ya ja.

Wasu za su ce ai wannan halin mutanen Japan ne. Abin da ya faru a garin Fremont na jihar Kalifoniya ya rushe wannan zato. Kamfanin General Motors yana da masana'anta a can wadda ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da rigima da fitar da motoci masu aibu, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka dawo da dimbin tsofaffin ma'aikatan nan da aka ce ba sa jin magana. Aka ba su horo, aka ba su igiya. Ba a daɗe ba motocinsu suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk masana'antun General Motors. Mutanen dai su ne na da. Abin da ya sauya shi ne a da wanda ya tsayar da layi yana iya rasa aikinsa, bayan zuwan Toyota kuwa zuwa ake a taimaka masa.

Yau idan aka ce tsarin kula da inganci, abin da yawanci ke zuwa a rai shi ne ISO 9001. Ƙungiyar tsara ma'aunai ta duniya da ke Janeba ce ta fitar da shi a 1987, bisa wani ma'auni na Birtaniya na 1979, kuma an sabunta shi a 1994 da 2000 da 2008 da 2015. Ana da satifiket fiye da miliyan ɗaya a faɗin duniya. Ma'auni ne mai amfani: yana tilasta wa kamfani ya fayyace yadda yake aiki, ya tabbatar na'urorin awonsa na faɗin gaskiya, ya rubuta duk aibun da ya samu, ya binciko tushensa. Sai dai akwai abu biyu da mai saye ya kamata ya sani. Satifiket ɗin shaida ne a kan tsarin kamfani, ba a gwada kayan da ke hannunka ba. Sannan ƙungiyar da kanta ba ta ba kowa satifiket. Kamfanoni ne masu zaman kansu ke zuwa bincike, kuma wanda ake bincika shi ke zaɓensu, shi ke biyansu. Odita zai zo na 'yan kwanaki, ya duba abin da ya iya dubawa, ya tafi. Idan takardun da aka miƙa masa ƙarya ce aka tsara da kyau, da wuya ya gano.

An kuwa ga hakan, a Japan ɗin ma. A watan Oktoban 2017 kamfanin Kobe Steel ya amsa cewa ma'aikatansa sun daɗe suna sauya alƙaluman gwajin ƙarfin alminiyom da tagulla, ana aika kayan ga kamfanoni fiye da 500, ciki har da masu ƙera motoci da jiragen ƙasa da na sama. Wasu masana'antunsa na riƙe da satifiket ana wannan aika-aika, sai bayan asiri ya tonu aka janye. Na Takata, kamfanin Japan mai ƙera jakar iskar mota, ya fi muni, domin shi rayuka ya ci. Jakar iskar da ake sa wa mota don ta kare direba, sinadarin da ke hura ta yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima, sai ta fashe ta watsa ɓaraguzan ƙarfe a fuskar wanda aka yi ta dominsa. Mutane fiye da 20 suka mutu a Amurka kaɗai, aka janye jakunkuna kusan miliyan 67 a ƙasar. A 2017 kamfanin ya amsa laifin murɗe sakamakon gwaji, ya yarda da biyan dala biliyan ɗaya, a watan Yunin shekarar ya durƙushe. Abin da ke ci mini rai shi ne akwai mutane a cikin kamfanin da suka ga alƙaluman gaskiya da idonsu, amma maganar ba ta fito ba sai da aka yi ta binne mutane.

Don haka duk mai shirin ba wata masana'anta kwangila, ya duba satifiket, amma kada ya tsaya nan. Ya nemi a nuna masa rajistar aibun da aka samu a watannin baya da abin da aka yi a kan kowanne. In aka kawo masa rajista fes babu komai a ciki, ya ƙara bincike, domin babu masana'antar da ba ta kuskure. Ya sauka wurin injina ya tambayi ma'aikaci yaushe rabon da a tsayar da layi, wa ya tsayar, me ya same shi bayan nan. Ya kuma tambayi shugaban sashen inganci wa yake kai wa rahoto. Idan yana ƙarƙashin manajan da ake ba lada gwargwadon yawan kayan da ya fitar a wata, to ranar da aka matsu a cika oda, sa hannunsa za a nema, kuma wanda ke neman sa hannun shi ne mai rubuta masa ƙarin girma.