Ɗan Da Ya Saba Zuwa Na Ɗaya, Yau Ya Zo Na 23

Jama'a, assalamu alaikum. Mu fara da ɗan lissafi. A ɗauko yara 40 daga makarantu 40 na cikin birnin Kano, daga Gwale, Fagge, Tarauni, Dala da sauransu, kowanne shi ne na ɗaya a ajinsu. A zuba su aji guda, a yi musu jarrabawa. Mutum nawa ne zai zo na ɗaya? Ɗaya tak. Wani kuma dole ya zo na 40, ko da ya ci maki 75 cikin 100. Ƙwaƙwalwar kowa tana nan yadda take, abokan karawa ne suka sauya.

Wannan shi ne abin da ke faruwa a makarantun da ake tace ɗalibai kafin a ɗauke su. A nan Kano muna da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka buɗe a 1977, da ta 'yan mata a Garko, inda ake shiga bayan an gama aji uku na ƙaramar sakandare, ta hanyar jarrabawar tantancewa. A matakin tarayya akwai makarantar yara masu baiwa ta Suleja a jihar Neja, wadda hukumar NECO ke shirya jarrabawar shigarta. Makarantun kuɗi ma da yawa sun ware ajin haziƙai.

Masana ilimi sun daɗe da lura da abin. A 1984 wani masani mai suna Herbert Marsh da abokin aikinsa suka bayyana shi da misalin babban kifi a ƙaramin tafki: yara biyu masu ƙoƙari iri ɗaya, wanda ke cikin ajin haziƙai ya fi raina kansa, saboda da na kusa da shi yake auna kansa. To yaron ya riga ya shigo gida da wannan nauyin a ƙirji, sai kuma ya tarar da tambayar da ke jiransa a bakin ƙofa: "Na nawa ka zo?"

Daga nan gasar ta bar aji ta koma hannun manya. Wata ta ɗora sakamakon ɗanta a WhatsApp, ana ta Masha Allah. A gidan biki ana cewa ɗan wance ya sauke Alƙur'ani kuma shi ne na ɗaya a boko. In gidan mata biyu ne, sai 'yan ubanci ya shigo, katin sakamako ya zama makamin kishi. Uba ya duba katin, ya ce, "Kai, ɗan Alhaji wane kai biyu gare shi?" Washegari an ɗauko mai lesin.

Mu tsaya kan lesin ɗin nan, don a nan aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ku duba ranar yaro ɗan shekara 10. An tashe shi ƙarfe 5 don Asuba da tilawa. Boko daga 7 da rabi zuwa 2. Islamiyya daga la'asar zuwa 6. Bayan Magariba mai lesin ya zo, bayan Isha'i ga aikin gida na boko ga hadda. Ya kwanta ƙarfe 11, idonsa ja, fensir a hannu. Barcin awa 6 ke nan. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, matashi mai 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Wato yaron nan yana bin bashin aƙalla awa 3 kullum, awa 15 daga Litinin zuwa Juma'a. Kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, har da haddar. Ga shi hutun Islamiyya Alhamis da Juma'a ne, na boko Asabar da Lahadi, don haka babu rana guda a mako da yaron yake da ita tasa.

Sai tsallaken aji. A cire yaro daga aji huɗu na firamare a kai shi sakandare don a ce ya riga sa'anninsa. Ya shiga da shekara 9, ya gama da 15, sai ya tarar ƙa'idar shiga jami'a shekara 16 ce. A 2025 hukumar JAMB ta ce wanda bai kai ba sai ya ci aƙalla 320 cikin 400 kafin ma a fara duba shi. Ban da haka, lissafin ɓangare da na kaso cikin ɗari da ake zurfafawa a aji biyar da shida ya wuce shi, kuma giɓin sai ya fito a aljabara.

Yabo ma yana da nasa tarkon. A wani bincike na 1998, Claudia Mueller da Carol Dweck sun ba yara 'yan aji biyar tambayoyi. Wasu aka ce musu suna da ƙwaƙwalwa, wasu aka yaba musu ƙoƙarin da suka yi. Da aka kawo masu wuya, waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa suka fi saurin karaya, kuma su suka fi ƙara wa kansu maki in an tambaye su nawa suka ci. Yaron da aka saba kira gwani yana tsoron ranar da sunan zai faɗi, kuma satar amsa daga irin wannan tsoron take farawa.

To me za a yi in katin ya zo da na 23? Ku rufe gurbin matsayi da yatsa, ku karanta makin kowane darasi, ku gwada shi da na zangon baya. Ku roƙi malamin aji takardar amsar da yaron ya rubuta, ku zauna tare ku bi inda ya faɗi. Wani kuskuren rashin gane darasin ne, wani garaje ne, wani lokaci ne ya ƙare masa. Sau da yawa kuma lissafin ya iya, Turancin tambayar ne ya kayar da shi, kuma irin wannan yaron, karatun labari da ƙarfi na minti 20 kullum ya fi masa amfani da malamin lissafi.

In lesin ya zama dole, a yi shi kan darasi ɗaya, sau biyu ko uku a mako, minti 45, a sake dubawa bayan mako shida. In ba a ga sauyi ba, a canza hanya, kada a ƙara awa. A fara tsayar da lokacin kwanciya, sannan a jera sauran abubuwa a bayansa.

Ku kuma sa ido kan jikinsa: ciwon ciki ko ciwon kai da safiyar jarrabawa wanda ke ɓacewa ranar hutu, ɓoye katin sakamako, dawowar fitsarin kwance, ko yaro mai surutu ya yi tsit ya daina cin abinci. In abin ya haura mako biyu, a je wa malamin ajinsa a keɓe, ba a gaban yara ba, sannan a kai shi wurin likita. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen yara da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma in za a je a tafi da jadawalin ranar yaron a rubuce, daga tashi zuwa kwanciya.