Da Ace Jaririn Nan Na Granada Ya Rayu

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla, a ɗan matso gaba, akwai kujeru nan babu kowa.

Yau maganar auren sarakunan Turai za mu yi, da yadda gadon sarauta yake bin aure a wurinsu, kuma na shirya muku "da ace" guda uku. Kafin wani ya ɗaga hannu, na san hadisin da ya ce "da ace" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa, kuma gaskiya ne. Amma wancan "da ace" ɗin na mai baƙin ciki ne da ke ja da ƙaddara. Abin da ya faru ya faru, haka Allah Ya so. Mu namu awo ne kawai, kamar magini ya zare bulo ɗaya don ya ga wane bango ne yake jingine a kansa.

Sai mun fara gane bambancinmu da su. A nan idan sarki ya rasu, ƴaƴan sarki maza ga su nan birjik, daga ɗakuna daban-daban, ga ƙannensa ga ƴaƴan ƴan'uwansa, masu zaɓen sarki su zauna su ɗauki ɗaya. Kuma ba a taɓa jin an aurar da ƴar sarki ta tafi gidan miji da masarautar ubanta a cikin kayan ɗaki ba. To su can mace ɗaya coci ta yarda, ɗan da aka haifa a waje a ƙa'ida ba ya gadon karaga komai hankalinsa, sannan a ƙasashe da yawa mace tana gadon ƙasa, ɗanta kuma ya gaje ta da sunan gidan ubansa. Kun ga ƙasa guda, mutum miliyoyi, rataye a kan naƙudar mace ɗaya. Wannan ku riƙe shi, duk laccar a kansa take.

Na farko. Isabella sarauniyar Kastil ta auri Ferdinand na Aragon a 1469, masarautu biyu ne a Sifaniya ta yau, su ne suka ci Granada a 1492, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus. Ƴaƴansu biyar, mata huɗu namiji ɗaya, Juan. Ferdinand fa yana da wani ɗa na waje, Alonso, amma babban limamin cocin Zaragoza aka yi shi, sarauta ba tasa ba ce. Suka zauna suka tsara auren yaran nan don a yi wa Faransa zobe: babbar, Isabella ƙarama, Fotugal. Juan da Juana aka yi musaya da gidan Habsburg na Ostiriya, Juan ya auri Margaret, Juana ta auri wan Margaret ɗin, Philip. Auta, Catherine, Ingila. Ba wanda ya yi tsarin nan don a ba Habsburg Sifaniya, Juana ta uku ce a layi, ita dai ƙawance aka tura ta ƙullawa.

Sai Juan ya rasu a Salamanca a watan Oktoba 1497, yana da shekara 19, wata shida da aure. Ya bar amarya da ciki, kowa ya zuba ido, aka haifi ƴar babu rai. Gado ya dawo kan yayarsa Isabella, ita kuma baiwar Allah ta taɓa yin zawarci, mijinta na fari Afonso yarima mai jiran gadon Fotugal ya faɗo daga doki ya mutu a 1491, ta daɗe tana ƙin sake aure, daga baya ta auri sarki Manuel na Fotugal. Kuma kar a manta sharaɗin auren nan, korar Yahudawa daga Fotugal, dokar 1496 da ta haɗa har da Musulmi. Auren mutum biyu, dubban gidaje suka watse.

Aka kira ta da mijinta a yi musu mubaya'a. Kastil ta yi. Da aka je Zaragoza majalisar Aragon ta fara jan ƙafa, wai su mace ba su saba ba, amma tunda tana da ciki a jira a gani. Ranar 23 ga Agusta 1498 ta haifi namiji, ita kuma ta cika a ranar. Aka sa masa suna Miguel, Miguel da Paz, wato Mika'ilu na zaman lafiya.

Jama'a ku dubi yaron nan. Wallahi duk lokacin da na zo kansa sai na tsaya. Aragon ta yi masa mubaya'a, Kastil ta yi masa, Fotugal ta yi masa a 1499. Jariri a goye, ko haƙori bai gama fitarwa ba, shi ne magajin Lisbon da Toledo da Barcelona, da tsibirin Sicily da Sardinia. Shekarar da aka haife shi Vasco da Gama ya isa Calicut a Indiya, shekarar da zai rasu Cabral ya taka Brazil, Columbus na can yana kai da komowa. A 1494 an riga an ja layi a Tordesillas an raba tekun duniya biyu, rabi na Kastil rabi na Fotugal, to yaron nan shi ne mai rabin nan da wancan rabin. Har gidan dutsen nan na Elmina da ke Ghana, wanda ƴan Fotugal suka gina a 1482 suna sayen zinariya, namu da ke zuwa Kumasi da Accra wasunku sun gan shi, shi ma nasa ne.

Kuma ƴan Fotugal ba barci suke ba, sun san ƙaramar tukunya idan ta haɗu da babba ita ake juyewa. Suka sa Manuel ya rubuta musu a 1499 cewa ko an haɗe, muƙaman Fotugal na ƴan Fotugal ne, harkar kasuwancinsu ta teku tasu ce. Wato har takardun zaman an shirya. Saura kawai yaro ya girma.

Bai girma ba. Yuli 1500 ya rasu a Granada a hannun kakarsa, bai cika shekara biyu ba. Har yau ƙaramin akwatinsa yana nan a ƙarƙashin cocin sarakuna na Granada kusa da na kakanninsa. Shekara uku, matar nan ta binne ɗanta, ta binne ƴarta, ta binne jikanta. Ni duk abin da ta yi wa Musulmin Andalus ban manta ba, a 1502 ta ce ko ka yi Kirista ko ka bar Kastil, amma uwa uwa ce, wannan rashi ne mai karya mutum.

To a daidai lokacin akwai wani jariri ɗan wata biyar a garin Ghent, Beljiyam ta yau, an haife shi 24 ga Fabrairu 1500, ɗan Juana ne, sunansa Charles. Rabon wani ba ya wuce shi. Komai ya gangaro kansa. Ubansa Philip ya mutu 1506, uwarsa aka ce ta samu taɓin hankali aka kulle ta a Tordesillas daga 1509 har ta rasu 1555, shekara 46, ni kuma ina da shakku a kan yawan haukan nan, don duk wanda ya ce tana da shi, uba ne ko ɗa, mulkinta yake riƙe. Charles ya sauka Sifaniya a 1517 ko yaren bai iya sosai ba, ya zo da fadawansa na can suka dinga rabon muƙamai, har kujerar babban limamin Toledo aka ba wani saurayi ɗan'uwan babban bafadensa. A 1519 ya ci bashi wurin attajiran Fugger na Augsburg ya sayi ƙuri'un zama sarkin sarakunan Jamus. Biranen Kastil suka yi tawaye a 1520, aka murƙushe su a Villalar a 1521.

Daga nan azurfar Amurka, ta dutsen Potosí da aka gano a 1545, sai ta zama kamar ruwan da aka zuba a kwando. Ta sauka Seville ta wuce Jamus yaƙi da mabiya Luther, malamin cocin da ya ɓalle daga cocin Roma, ta wuce Italiya yaƙi da Faransa, ta wuce Holan inda aka yi shekara 80 ana fafatawa daga 1568 zuwa 1648. A 1557 gwamnatin da ta fi kowa azurfa ta ce ba ta iya biyan bashi. Manomin Kastil me ya haɗa shi da rikicin Holan? Babu, illa jariri ya mutu a Granada.

Yanzu mu zare bulon. Miguel ya rayu. Ya gaji Kastil a 1504 yana ɗan shekara shida, a nan za a sha rigima kan riƙon ƙwarya tsakanin kakansa Ferdinand da ubansa Manuel, wannan ba makawa. Aragon 1516, Fotugal 1521. Charles yana can ƙasarsa, watakila ya zama sarkin sarakunan Jamus, amma aljihunsa babu kuɗin Sifaniya, kenan sai ya lallaɓa sarakunan da ke bin Luther tun da wuri. Holan ba ta yi yaƙin ƴanci da Sifaniya ba tunda ba ta taɓa zama ƙarƙashinta ba. Ita kuma haɗaɗɗiyar ƙasar Miguel ina za ta sa gaba? Ni a ganina kudu. Fotugal ta kama Ceuta tun 1415, Kastil ta kama Melilla 1497, Oran 1509, Isabella a wasiyyarta ta ce kar a bar yaƙin Afirka. Kenan sojan da ya ƙare a Holan da a gaɓar Maroko da Aljeriya zai ƙare. Shi ya sa idan na ga masu sha'awar tarihi suna kukan mutuwar Miguel, nakan ce wa ya san irin wutar da mutuwar tasa ta kashe wa Musulmin Magrib.

Kai, lokaci. Me na ce, uku ko? To na biyu da sauri. Ferdinand da kansa bai so Habsburg su gaji Aragon ba, bayan rasuwar Isabella ya auri yarinya ƴar gidan sarautar Faransa, Germaine de Foix, yana neman namiji. Ta haifa masa a 1509, yaron bai wuce sa'o'i ba. Da ya rayu Aragon ta ware, Barcelona ƙasa daban Madrid ƙasa daban, masu kallon ƙwallo kun ga El Clasico ya zama wasan ƙasa da ƙasa. (dariya)

Sai na huɗu... a'a na uku, Arthur na Ingila. Ya auri Catherine, autar nan, Nuwamba 1501, ya rasu Afrilu 1502 yana da shekara 15. Ƙaninsa Henry na 8 ya aure ta, ba ta bar masa namiji ba, ya nemi Fafaroma ya raba auren, Fafaroma kuma yana tafin hannun Charles, ɗan yayar Catherine, wanda sojansa suka wawashe Roma a 1527. Kun ga Charles ya sake shigowa. Shi ke nan Ingila ta ɓalle daga cocin Roma. Akwai kuma Charles na 2 na Sifaniya da auren zumunci ya nakasa, ya mutu 1700 babu ɗa, wannan sai wani zaman.

Na'am malam, ga hannunka tun ɗazu. A miƙa masa abin magana.

Mai tambaya: Allah Ya ƙara basira malam. Ni tambayata, mu nan me ya shafe mu da auren Turawan nan?

Yauwa, Allah Ya yi maka albarka, zauna ka ji. Bayan Miguel ya rasu, a shekarar dai, Manuel ya auri ƙanwar matarsa, Maria, ta haifi João na 3. Jikan João shi ne Sebastian, an haife shi 1554 bayan ubansa ya rasu da ƴan kwanaki, ya hau karaga yana shekara uku. Ya girma ba ya son maganar aure, an yi ta kawo masa ƴaƴan sarakuna abin bai yiwu ba, shi dai yaƙin Maroko. A 1578 ya kwashi manyan ƙasarsa ya haye, ranar 4 ga Agusta aka gwabza a Wadil Makhazin kusa da Ksar el-Kebir. Sarakuna uku suka mutu rana ɗaya, shi da Sultan Abdulmalik na Maroko da Mutawakkil, tuɓaɓɓen sarkin Marokon da ya gayyato shi. Sebastian ba mata ba ɗa, shekara 24. Tsohon limamin coci ƙanin kakansa ya hau, ya mutu 1580, Philip na 2 na Sifaniya ya haɗiye Fotugal har 1640, haɗewar da aka so yi da Miguel ta zo, amma da soja ta zo.

A Maroko kuwa wanda ya hau shi ne Ahmad al-Mansur. Kuɗin fansar manyan Fotugal da aka kama ya cika masa baitulmali, ga suna, ga bindigogi, ga ba mai barazana daga arewa. Sai ya juyo kudu. Ya turo Judar Pasha, shi kansa asalinsa ɗan Sifaniya ne, da mutum wajen 4,000 suka keto Sahara, a 1591 suka karya rundunar Askiya Ishaq na 2 a Tondibi kusa da Gao. Daular Songhai, maƙwabciyarmu, wadda Kanta na Kabi ya yi fama da ita, ta faɗi. Aka kwashi malaman Timbuktu zuwa Marrakesh, cikinsu har da Ahmad Baba. Ragowar Askiyoyi suka gangaro Dendi, nan yankin Gaya. Hanyoyin fatauci suka ƙara karkatowa gabas, ta Agadas da Katsina da Kano.

Ba na ce abu ɗaya ne ya kayar da Songhai ba, suna da rikicin gadonsu na cikin gida, kuma gishirin Taghaza an daɗe ana ja a kansa. Amma da Miguel ne a karagar Lisbon, layin Sebastian ba ya zuwa kusa da ita, kuma Marokon da ke fama da Sifaniya da Fotugal a haɗe ban ga inda za ta samu sararin tura soja Gao ba. Hajiya na ga hannunki, amma ga ladan can ya fara, ki riƙe tambayar, idan an idar da Magariba da ke za mu fara.