Motar da ta ɓata mini Juma'a a Liverpool

Assalamu alaikum jama'ar Gombe, na Jekadafari, na Pantami, na Bolari, na Herwagana, da ku na Kumo da Dukku da Bajoga masu kallona da ragowar data. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, haka Liverpool take, garin bakin ruwa ne, iska ba ta hutawa. Yau ban yi niyyar ɗaukar komai ba, aikin dare na yi jiya, barci ne fal idona. Amma raina a ɓace yake, in ban amayar da abin nan ba barcin ma ba zai zo ba.

Akwai masallaci a kusa da layinmu. Ba zan faɗi sunansa ba, don laifin ba nasa ba ne, liman har ya gaji da sanarwa. Na taso daga Juma'a a ƙafa, sai na tarar da wata tsohuwa maƙwabciyarmu tsaye a ƙofar gida da sandarta, ta ci ado ta rataya jaka. Baturiya ce, ta haura 70. Wani bawan Allah ya zo ya gicciya mota a daidai mafitar gidanta, tata motar kuma tana ciki. Ashe asibiti za ta. A ƙasar nan kuwa in likita ya ba ka rana ka rasa ta, sai ka koma ƙarshen layi, wani lokaci wata da watanni. Na gaishe ta, ta dube ni, ta dubi hulata, ta ce: "Mutanenku ne, duk Juma'a haka nake fama." Ko murya ba ta ɗaga ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na kira mata tasi, fam 9, ta ce za ta biya na ce Allah ya kiyaye. Ni kuma na tsaya da gangan sai na ga mai motar. Can sai ga shi yana tafe a natse, jallabiya fara tas, turare na tashi, carbi a hannu, har yana tsayawa gaisawa da mutane. Ba Bahaushe ba ne, amma kada ku yi saurin murna, na ga namu sun yi wadda ta fi wannan. Na ce ɗan'uwa, ka tare wa baiwar Allah hanya, ta kusa rasa ganin likita. Ya ce ai sallah ya je, minti nawa ne. Ya shiga mota ya ja.

Ku lura da wani abu. Gaba kaɗan akwai wuri a sarari, amma an ja masa layin rawaya biyu, in ka ajiye mota a nan takardar tara ce, fam 70, in ka biya cikin kwana 14 a rage maka rabi. Mutumin nan ya ga layin, ya kauce masa. Wato ya san abin da yake yi sarai. Ya ji tsoron fam 70, bai ji tsoron hakkin tsohuwa ba. Kuma ba mamaki huɗubar da ya fito daga cikinta a kan maƙwabtaka aka yi ta, don ba a wata biyu ba a karanto mana hadisin nan na Mala'ika Jibrilu da bai gushe yana wasiyya da maƙwabci ba har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zaci za a ba maƙwabci gado. Tun muna Islamiyya muka haddace cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Shi kuma ya ɗauko abin cutarwar mai ƙafa huɗu ya dasa a ƙofar mutane.

Tsohuwar nan ba za ta taɓa buɗe littafin hadisi ba. Ba za ta saurari wa'azi ba. Su samarin da ke kafa tebur a tsakiyar gari ranar Asabar suna raba ƙasidu kyauta, Allah ya saka musu, amma ita ko ta wuce ta gabansu ba za ta karɓa ba. Abin da ta sani game da Musulunci shi ne abin da ke faruwa a ƙofar gidanta tsakanin ƙarfe 1 da ƙarfe 2 na ranar Juma'a. In jikanta ya zo ya tambaye ta yaya Musulmin layinku, me kuke jin za ta ce masa?

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne garin da aka yi wannan. Liverpool fa! Mutanenmu ƙwallo kawai suka sani a nan, ba su san garin yana da tarihi a Musulunci ba. Akwai wani gida a Brougham Terrace, bas zai kai ka, nan wani lauya ɗan garin, William Henry Quilliam, ya buɗe masallaci a 1889. Ya musulunta a 1887 bayan ya je Maroko, ya koma Abdullah. A lokacin jifansu ake yi da duwatsu in sun fito sallah. Shi kuma me ya yi? Ranar Kirsimeti, ranar bikin masu jifan nasa, sai ya tara yaran talakawan gari ya ciyar da su. Ya buɗe gidan renon yaran da ba su da mai ɗaukar nauyinsu. Mutane ɗaruruwa suka musulunta a hannunsa. Kuma ku ji wani abin mamaki: mutumin nan ya taka ƙasarmu. A 1894 shi Sarkin Musulmin Daular Usmaniyya, Abdulhamid na Biyu, ya aika Legas wajen buɗe masallacin Shitta-Bey. A lokacin fadarmu tana can Gombe Abba, garin da muke taƙama da shi yanzu sai a 1919 aka dawo da hedikwata cikinsa. Duk baƙon da ya zo mini daga gida sai na kai shi gidan nan, an gyara shi an sake buɗewa a 2014, ana sallah a ciki har yau.

A ƙofar wannan masallacin aka yi abin da har yanzu in na tuna nake jin kaina ya yi girma. Kun tuna tarzomar 2024? Ranar 29 ga Yuli wani yaro ya kashe 'yan mata ƙanana 3 a Southport, nan arewa da mu kaɗan. Kafin gari ya waye an baza a intanet cewa Musulmi ne ɗan gudun hijira. Ƙarya ce, a Cardiff, nan cikin Birtaniya, aka haife shi. Amma ƙarya ta riga ta yi fiffike, washegari aka far wa masallacin Southport, aka rushe katanga ana jifa da bulo. Mu a nan kwanakin nan matanmu ba sa fita, ni kaina hular nan aljihu ta koma. Ranar Juma'a 2 ga Agusta wasu suka taru a gaban masallacin Quilliam. Wani malami, Adam Kelwick, ya jira har zuciya ta ɗan sauka, ya tsallaka titi da burodi da nama da soyayyen dankali, ya miƙa wa mutanen da suka zo yi masa ihu. Aka ci, aka yi hira, har da runguma, hotuna suka zaga duniya. A Southport ɗin ma da safe mutanen unguwa ne, galibinsu ba Musulmi ba, suka fito da tsintsiya, magina suka tayar da katangar kyauta. Ni abin da nake tambayar kaina: in rana irin wannan ta zo layinmu, Allah ya kiyaye, wa zai fito mana da tsintsiya? Wadda muke toshe wa ƙofa duk mako?

Na san wani zai rubuto mini a ƙasa ya ce ai Salah ya gama mana aikin. To, gaskiya ne yaron nan ya yi rawar gani. Ya zo kulob ɗin Liverpool a 2017, yana cin ƙwallo yana sujada a gaban dubban mutane, ba a jin sa a gidan giya, ba a jin sa a rigima. Har masu bincike na jami'ar Stanford ta Amurka suka duba alƙaluman 'yan sanda, suka ce laifukan ƙiyayya a yankin Merseyside, inda Liverpool take, sun ragu da kashi 16 cikin 100 bayan zuwansa, zagin Musulmi kuma a rubuce-rubucen magoya bayan kulob ɗin a Twitter ya ragu da rabi. Madalla. Amma ɗan'uwa, Salah ƙwallo ya ci musu. Kai me kake ci musu? Kai a wurin aiki za a gan ka, da kwandon shara, da layin bas.

Bari in faɗa wa masu shirin zuwa, musamman ku da kuke neman aikin kula da tsofaffi irin nawa. Farko dai maganar alwala. Don Allah kada ka ɗaga ƙafa ka cusa a wurin da mutane ke wanke hannu da fuska, ka fita ka bar ƙasa jage-jage. A wajenmu an taɓa kai ƙara kan wannan, aka manna takarda a banɗaki, ba a ambaci kowa ba amma kowa ya san da wa ake. Ka yi alwalarka a gida, ka tambayi malaminka hukuncin shafa a kan safa, in kuma dole sai ka wanke, ka goge wurin tas kafin ka fita. Butarka ma ka san inda za ka ajiye ta. Sannan lokacin sallah. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, Azahar da La'asar da Magariba duk a cikin aiki za su same ka, kusa da kusa. Manajoji da yawa za su ba ka minti 10 ba gardama. Amma in ka ce minti 10, ya zama minti 10. Akwai masu shiga ɗaki da sunan sallah su ɓige da kiran gida a WhatsApp, abokiyar aiki tana can ita kaɗai tana ɗaga tsoho. Ranar da ta gane, ba kai kaɗai ka zubar ba, duk wanda zai zo bayanka ya nemi izinin sallah sai an yi masa kallon mayaudari.

Maganar musabaha da mata kuma, in ba ka yi, ba wanda zai tilasta ka, amma akwai yadda ake yi. Ka dafa ƙirji, ka saki fuska, ka faɗi dalili a taƙaice. Ba ka janye hannu kana yamutsa fuska kamar an miƙo maka garwashi ba. Haka karensu. Karen nan a wajensu ɗan gida ne. Ba sai ka taɓa shi ba, amma tsaki da tsalle da a'uziyya da ƙarfi a gaban mai shi ba su ƙara maka tsarki.

Kada kuma ku na gida ku zauna kuna cewa Allah sarki 'yan Turai. Mu a Gombe fa? Jihar da aka cire daga Bauchi a 1996, ga 'yan'uwanmu na Billiri da Kaltungo da Balanga, da yawansu Kirista, muna kasuwa ɗaya, ofis ɗaya, asibiti ɗaya. Nan a Ingila da Wales ƙidayar 2021 ta ce Musulmi kashi 6.5 ne cikin 100, shi ya sa ido ke kanmu muna ji a jikinmu. A gida da yake mu ne da yawa sai mu ɗauka ba mai kallo. Akwai mai kallo. Matar da ta zo daga Billiri sayen hatsi a Tudun Hatsi tana kallon mudun da aka auna mata, tana kallon tabon sallar da ke goshin mai awon. Mai Keke Napep da ya ji harshenta ya ƙara mata kuɗi, ta gane. Wanda aka rufe wa titi ranar Juma'a ba a bar masa ko 'yar hanyar wucewa ba, da mara lafiya a mota, shi ma ya gani. Ni mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da abokin ciniki Batangale da ke barin kuɗinsa a hannunsa daga kaka zuwa kaka ba takarda ba shaida. Mutumin bai musulunta ba har suka rabu, amma a gabansa ba ka isa ka zagi Musulmi ba. Irin tarbiyyar da muka taso a ciki ke nan, kuma ina alfahari da ita, shi ya sa abin yau ya tsaya mini a wuya.

Wani abu da ke mini aiki a nan, ku riƙe shi: duk Kirsimeti ni nake karɓar aikin ranar, abokan aikina su tafi wajen iyalinsu. Ranar ma kuɗinta ya fi na sauran ranaku a wajenmu, ba asara na yi ba. In Sallah ta zo kuma ban taɓa roƙo ba, su da kansu suke tambayata yaushe ne bikinku, mu riƙe maka. Matsalar ɗaya ce, ganin wata. Bature yana son ka faɗa masa rana tun wata biyu kafin lokaci, kai kuma kana cewa ko Talata ko Laraba. Ka yi musu bayani tun wuri, ka nemi kwana biyun duka, kada ka bari sai daren Sallah ka kira ka ce ba ka da lafiya. Sun san ƙarya ce, don gobe za su ga hotonka da babbar riga a Facebook.

Bari in shiga gida haka, hannuna ya ƙage da sanyi. Wanda zai taso daga Gombe a watan nan ya taimaka mini da kuka da daddawa, tawa ta ƙare, wadda ake sayarwa a shagunan nan kuwa ba ta da ƙamshi ko kaɗan ga tsada. Amma kada a sako kilishi, ba a shigowa da nama ƙasar nan daga Najeriya, a filin jirgi za a karɓe. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku gaida mutan gida.