Kakana golmo ya yi, ni kuma nawa a Ingila nake yi

Salamar Ubangiji, 'yan'uwa. Mutanen Zuru, Dabai, Ribah har Birnin Kebbi, ina gaisuwa. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, yanzu muka taso daga sujada, a ƙasa nake tafe.

Yau fasto ya yi wa'azi a kan Farawa sura 29, labarin Yakubu da Laban. Turawan da ke kusa da ni sai girgiza kai suke yi, wai mutum ya yi wa surukinsa bauta shekara 7 saboda mace, a wayi gari ya ga Lai'atu aka kawo masa, ya sake wasu 7 don Rahila. Ni kuwa dariya nake dannewa, don a wurinmu wannan ba labarin nesa ba ne. Kakana golmo ya yi. Ga waɗanda ba 'yan yankinmu ba, a al'adar Lelna, waɗanda aka fi sani da Dakarkari, saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa iyayen yarinya noma shekara 7, shi da tsaransa, yau gonar surukin wannan, gobe ta wancan. Kafin a kai amarya, surukai sun san shi ciki da waje: rago ne, mai zafin zuciya ne, ko mai cika alkawari.

Ba ina cewa a koma can ba, ni da fartanya dama ba ma shiri. A coci aka ɗaura mana aure, dattawa suka zaunar da mu suka yi mana faɗa, 'yan zumuntar mata suka cika gida da waƙa da tukwane. Amma golmo da coci sun haɗu a abu guda: ba a barin miji da mata su kaɗai da aurensu. In kuka saɓa da dare, kafin hantsi gwaggo ta ji, ta aiko a kira ku. In mace ta haihu, ga ruwan zafi, ga kunun kanwa, ga mai goya jariri.

Nan babu gwaggo. Maman yara aikin jinya take yi da dare, ni kuma ina kula da tsofaffi da rana. Wani lokaci a bakin ƙofa muke haɗuwa, tana cire takalmi ina saka nawa. Addu'ar asuba da muka taso da ita, wadda Baba zai tashe mu kowa na hamma, ya buɗe littafin waƙoƙi, yanzu ta waya muke yin ta, ita tana cikin bas, ni ina dama wa yara abin kari. Mu ma da sauƙi, muna tare. Tun watan Maris na 2024 gwamnatin nan ta hana sababbin masu zuwa aikin kula da tsofaffi kawo iyalinsu, yawancin ɗalibai kuma tun Janairun shekarar aka hana su. Sai ka ga miji a nan, mata da yara a gida, auren duk ya koma kiran bidiyo da aiken kuɗi.

To maza, bari in taɓa mu. Kowa ya haddace Afisawa 5:23, miji shi ne shugaban mace. Aya ta 21 da ta ce ku yi wa juna biyayya fa? Ta 25 da ta ce ka ƙaunaci matarka kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da ransa dominta fa? Waɗannan sai a tsallake su. A nan gidaje da yawa da sunan matar aka samu biza, albashinta ma ya fi. Na ga aure ya watse, aka yi ta cewa Turai ta lalata matar. Ni ban yarda ba. Mace ta kwana a tsaye a asibiti, ta dawo ta tarar da kwanoni a jibge, yara ba wanka, maigida na kallon ƙwallo yana jiran tuwo, wai wanke-wanke zai zubar masa da girma. Wanda ya ba da ransa, soso da sabulu ne za su gagare shi? Kuma wanda ya saba ɗaga hannu ya sani, nan ba dattawa za a kira ba, 'yan sanda ne za su buga ƙofa.

Mun ɗan haɗa zumunta, mu masu jin Hausa, 'yan Kebbi da Kaduna da Filato, muna taruwa a falon wani mu yi waƙoƙinmu na gida. Akwai wata dattijuwa a cikinmu, Mama kowa ke ce mata, ita ta zame mana gwaggo. In ta kira ka ta ce, “Ɗana, zo ina son ganinka,” ka san an kai ƙararka.

Surukata ma tana neman bizar ziyara, wadda ake iya zama har wata 6. Ku sa mu a addu'a. In an ba ta, za ku ga tuwon dawa na gaske a bidiyo na gaba, sai dai ta riga ta gargaɗe ni kada in kuskura in nuna fuskarta.