"In Allah Ya Yarda": Maganar da Aka Hana Mu Faɗa

An gabatar da wannan lacca a Sakkwato, a wani zama na maza da mata waɗanda suka taɓa kasancewa cikin wata ƙungiyar addu'a, daga baya suka fita. An ɗauki maganar a waya, sannan aka rubuta ta da izinin mai laccar.

Iyayena maza da mata, dattawan ikilisiya, 'yan'uwana a cikin Almasihu, ina gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu, ina kuma gode muku da kuka baro ayyukanku a wannan zafin rana kuka zo. Yawancinmu a ɗakin nan mun san juna ne tun muna kwana a tsaye muna addu'a a ƙungiyar da ba zan kama sunanta ba, domin ba shari'a muka taru mu yi wa kowa ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a cikinta, biyar daga ciki ni ne mai bi da addu'ar daren Jumma'a, saboda haka duk abin da za ku ji na soka yau, da bakina na koyar da shi.

Akwai wata 'yar magana da kowane Bahaushe, Kirista ko Musulmi, yake faɗa sau da yawa a wuni ba tare da ya lura ba, wato "in Allah ya yarda." Kun tuna an hana mu faɗarta. An ce mana kalmar "in" ƙofa ce da shakka take shigowa ta cikinta, kuma wanda ya ce "in nufinka ne" a cikin addu'a ya rushe roƙonsa da kansa tun bai kai ga amin ba. Haka aka sauya mana har gaisuwar mara lafiya. Idan aka zo dubiya aka ce maka "Yaya jiki?", ba ka da izinin cewa "Da sauƙi," domin wai hakan amincewa ne cewa akwai ciwon. Sai dai ka ce "Na warke," ko da zazzaɓi yana kaɗa ka a kan tabarma. Tushen koyarwar shi ne, bangaskiya wani iko ne da yake aiki ta wurin furcin baki, abin da ka faɗa shi za ka samu, kuma idan ba ka samu ba, to, laifin yana wurinka.

Ya kamata mu san inda wannan koyarwa ta fito, domin a lokacin mun ɗauka wahayi ne sabo da aka saukar wa shugabanmu shi kaɗai. A Amurka, wani mai wa'azi da ake kira E. W. Kenyon, wanda ya rasu a 1948, ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan ikon furci. Bayansa Kenneth Hagin, wanda ya ce ya tashi daga gadon ciwo yana saurayi ta wurin riƙe Markus 11:23-24, inda Yesu ya ce duk abin da kuka roƙa cikin addu'a, ku gaskata kun samu, za ku kuwa samu, ya yaɗa koyarwar, ya kuma buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a yankin Tulsa a 1974. A ƙasarmu, Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998, yana cikin manyan waɗanda suka buɗe wa irin wannan wa'azi hanya. Ya kuwa sami kunnuwa a buɗe, musamman daga 1986 da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata, magani ya fi ƙarfin talaka. Wanda ba shi da kuɗin asibiti, idan aka ce masa warakarsa tana bakinsa, dole ya saurara. Ita kuma maganar barin magani ta girmi wannan duka. Tun bayan annobar mura ta 1918 wasu ƙungiyoyin addu'a a ƙasar Yarbawa suka ƙulla zumunci da wata ikilisiya ta Filadelfiya da ta haramta magani, kuma wajen 1940 aka sami rabuwa a tsakaninsu da Turawan mishan na Ingila a kan shan kwinin saboda zazzaɓin cizon sauro. Gardamar da ta raba gidajenmu a Mabera da Tudun Wada, an yi ta tun kafin a haifi iyayenmu.

Ba zan ci amanar gaskiya in ce babu alheri a inda muka fito ba. A can na koyi tashi da asuba in yi addu'a, a can aka tara mini kuɗin haya shekarar da na rasa aiki, kuma na ga marasa lafiya da aka yi wa addu'a suka tashi. Har gobe na gaskata Allah yana warkarwa, Yakubu 5:14 kuma yana nan daram, cewa mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a. Abin da ya fitar da ni wani abu ne dabam, kuma da yardar ƙanwata zan faɗe shi, ga ta nan zaune a layin baya.

Ɗanta na fari yana da sikila. Wannan ciwo gado ne na jini: idan uwa da uba duka suna da AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma babu zunubin kowa a ciki. Likitoci sun gaya mata abubuwan da za ta kiyaye, wato ya riƙa shan ruwa da yawa, a rufe masa jiki lokacin sanyi, a kare shi daga sauro, ya sha ƙwayoyinsa kullum, kuma da zarar zazzaɓi ya taso a garzaya da shi asibiti. Ta riƙe wannan har ya kai shekara tara. Ni ne na je gidanta wata ranar Lahadi da yamma, na zauna a kan kujerar roba a tsakar gida, na buɗe mata Ishaya 53:5, inda aka ce da raunukansa aka warkar da mu, na ce mata muddin kwalbar maganin nan tana kan tagarta, tana shaida wa Shaiɗan cewa ba ta gaskata ba. Ta dube ni ta ce, "Yaya, ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ta shiga ɗaki ta kwaso magungunan a leda ta miƙo mini da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu, domin ni yayanta ne, kuma ni ne mai bi da addu'a.

A cikin hunturun Disamba ciwon ya tashi. Kwana biyu muka yi a kansa muna tsawata wa ciwon, yaron yana riƙe da ƙafarsa yana kuka, mu kuma muna ce masa, "Ka ce na warke." Yana faɗa, domin yaro ne mai biyayya. A dare na uku maƙwabcinsu, wani dattijo Musulmi mai sayar da albasa, ya buga ƙofa ya ce wa mijinta, "Malam, ku ji tsoron Allah, ku kawo yaron nan," ya sa shi a motarsa. Likita ya ce jininsa ya riga ya yi ƙasa ƙwarai, kuma an makara. Kafin gari ya waye ya cika.

Abin da ya biyo baya a zaman makoki shi ne ya buɗe mini ido. Matan unguwa suna shigowa suna cewa, "Sai haƙuri, Allah ya ba da, Allah ya karɓi abinsa." Mutanenmu kuma, su da suka fi kowa kusa da ita, suka ja ta gefe suka ce ta binciki kanta, ko akwai wata kalmar shakka da ta kuɓuce mata a daren. Uwa tana zaune a kan tabarmar makokin ɗanta, aka ɗora mata alhakin mutuwarsa. Ban ce mugaye ne ba, koyarwar ce ba ta bar musu wata amsa ba: idan alkawarin ba ya kuskure, mai wa'azi kuma ba ya kuskure, saura mutum ɗaya da za a tuhuma. Da na koma gida a daren na buɗe Littafin Ayuba, sai na tarar maganar matan unguwa ita ce maganar Ayuba a 1:21, tambayar mutanenmu kuwa ita ce ta abokansa uku, waɗanda Allah ya ce a sura 42 ba su faɗi gaskiya game da shi ba.

Daga nan na fara karatun da ya kamata in yi tun farko, wato karanta sura gaba ɗaya maimakon tsintar aya. Markus 11:24, wadda muka haddace, tana nan, ban goge ta ba. Amma ku buɗe sura uku gaba, a cikin Bisharar nan ta Markus, a cikin makon nan guda, za ku sami wanda ya faɗi wancan alkawari a durƙushe a Getsamani, a 14:36, yana cewa kowane abu mai yiwuwa ne ga Uba, yana roƙo a ɗauke masa ƙoƙon wahala, sannan ya ƙara da cewa ba nufinsa ba, sai nufin Uba. Ba a kuwa ɗauke ƙoƙon ba. Wa a cikinmu zai miƙe ya ce Yesu ya rushe addu'arsa da shakka? Idan fassararmu ta aya ɗaya ta mai da addu'ar Ubangiji kansa kuskure, fassarar ce take bukatar gyara. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa, amsar da ya samu a 2 Korantiyawa 12:9 ita ce alherin Allah ya ishe shi. Shi ne kuma ya rubuta a 2 Timoti 4:20 cewa ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, ya faɗa a fili ba tare da jin kunya ba, ya kuma kira Luka ƙaunataccen likita.

Amma ayar da ta fi girgiza ni ita ce Yakubu 4:13-15. Manzon yana magana da 'yan kasuwa masu cewa yau ko gobe za mu tafi gari kaza, mu shekara a can, mu yi ciniki, mu ci riba, kamar dai yadda za ka ji mutum a tasha yana lissafin tafiyarsa Illela ko Kano. Sai ya ce musu, ba ku san abin da gobe za ta kawo ba, abin da ya kamata ku ce shi ne, in Ubangiji ya yarda za mu rayu, mu yi kaza da kaza. Ya kuma kira akasin haka fariya. 'Yan'uwa, tun 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki yake a harshen Hausa, wannan aya tana ciki, ni kuma na yi shekara biyar ina hana mutane faɗar abin da manzo ya umarce su su faɗa. Mun ɗauka al'adar maƙwabtanmu ce da ya kamata mu rabu da ita, ashe umarni ne a cikin Littafinmu.

Abin da na fahimta yanzu shi ne, mun mai da bangaskiyarmu ga ƙarfin bangaskiyarmu, muka bar Allah a gefe kamar ma'aikacin da dole ya sa hannu idan takarda ta cika. Shadrak da Meshak da Abednego, a Daniyel 3:17-18, sun ce Allahnsu yana da iko ya cece su daga tanderun wuta, sannan suka ce ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Mutumin da ya iya cewa "ko da bai yi ba" ya dogara ne ga Allah kansa, kuma irin wannan dogara ba ta hana shi neman magani. Masu bisharar da suka yi aiki a asibitin kutare na Amanawa, nan kusa da mu, tun shekarun 1930, da addu'a da allura suka yi hidima, ba su ga saɓani a tsakani ba. Shi kansa Hagin, a shekara ta 2000, ya fitar da littafi yana tsawata wa almajiransa a kan wuce gona da iri a wa'azin dukiya, amma wannan gyara bai taɓa isowa ɗakin addu'armu ba.

Na san ba bakinmu ɗaya ba a ɗakin nan. Wasunmu sun koma ECWA ko Katolika ko Baptis inda iyayensu suke, wasu sun sami wata majami'ar Fentikos mai hankali, wasu kuma ba su sake taka ƙofar majami'a ba. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi damuna, kuma ina roƙon dattawa kada su yi musu gaggawa. Wanda aka koya masa cewa addu'a umarni ce, ranar da ya gano ba haka ba ne, sai ya rasa abin da zai faɗa idan ya durƙusa. Ni kaina na yi wata takwas a haka, in durƙusa, bakina ya ƙi buɗuwa, domin duk kalmar da ta zo mini irin wadda na faɗa a kan yaron nan ce. Zabura ce ta cece ni. Na riƙa karanta ta 13 da ƙarfi, inda Dawuda yake tambayar Ubangiji har yaushe zai manta da shi, da ta 88, wadda ta ƙare a cikin duhu ba tare da kalmar nasara ko ɗaya ba, duk da haka Ruhu Mai Tsarki ya bar ta a cikin Littafi. A can na koyi cewa an yarda mai bi ya ce wa Allah "Ina jin ciwo."

Na nemi gafarar ƙanwata, ta ce ta yafe, ko da yake shekara huɗu ta yi ba ta yi addu'a a gabana ba. Bara aka kwantar da 'yarta ta biyu, ita ma mai sikila, ana ƙara mata ruwa da jini. Na je dubiya da kwanon kunu, na tsaya a bakin gado ban ce komai ba, domin ba ni da bakin magana a wurin. Sai ita da kanta ta kama hannun yarinyar ta sunkuyar da kai, ta faɗi maganar mahaifin nan da ya kawo wa Yesu ɗansa mara lafiya a Markus 9:24, "Na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata," ta ƙara da cewa, "Ya Uba, ina so ta rayu, ka san ina so." Bayan kwana shida aka sallame su, da ledar magani a hannunta. Da muka fito bakin titi muna jiran keke, na tambaye ta ko za ta zo wannan zama namu. Ta gyara goyon jakarta ta ce, "Yaya, in Allah ya yarda."