Jawabi ga 'yan ƙungiya kafin ziyarar gidan zuhudu na Sankt Galen

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa, barkanmu da haɗuwa.

Wurin da za mu ziyarta yana garin Sankt Galen, gabashin Suwizalan, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Zurik. Tsohon gidan zuhudu ne na Katolika, inda maza ke barin aure da dukiya su zauna don ibada da karatu. Wajen shekarar 612 wani mai zuhudu, Galus, ya kafa bukka a dajin. A 719 Otmar ya mayar da wurin cikakken gida, aka ci gaba da zama har 1805 da hukuma ta rushe tsarin. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1983.

Ginin da za ku gani ba na asali ba ne. Majami'ar mai hasumiya biyu, kowace mita 68, an fara ta a 1755, zauren littattafai kuma tsakanin 1758 da 1767. A bakin ƙofar zauren za a ba ku manyan silifa na ulu ku zura a kan takalmanku. Kada wanda ya ga raini a ciki: daɓen katako ne da aka jera guntu-guntu, tsakuwa ɗaya a ƙasan takalmi ta isa ta karce shi. A saman ƙofar an rubuta da Girkanci cewa nan ne wurin jinyar rai.

Littattafan da aka rubuta da hannu sun kai 2,100, kusan 400 daga ciki sun haura shekara dubu. Waɗannan tsofaffin ba a takarda aka rubuta su ba, a fatar maraƙi da tunkiya ne. Ba jima ake yi mata ba. Ana jiƙa ta a ruwan farar ƙasa na kwanaki, a kankare gashi, a miƙe ta a katako ta bushe, a goge ta har ta yi santsi. Shi ya sa laima ce babbar abokiyar gabarta. Danshi ya yi yawa, fata ta kumbura ta yi fumfuna. Iska ta bushe ƙwarai, ta takure har tawada ta ɓare. Masu adana irin waɗannan kaya suna riƙe danshi a wajen kashi 50 cikin ɗari, ba ya hawa da sauka. Wanda ya gaji littattafan kakanni a gafaka can gida, ya riƙe wannan: kada ya ƙulle su a leda, gumi ne zai cinye su tun gara ba ta iso ba.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne taswirar gidan, wadda aka zana a tsibirin Raishenau wajen 820 zuwa 830. Fata biyar aka ɗinke, tsawo santimita 112, faɗi 77 da rabi, aka zana gine-gine kusan 40 da jar tawada: majami'a, makaranta, asibiti, masaukin baƙi, lambun magani, har da akurkin kaji. Ɗakin marubuta yana ƙasa, ma'ajiyar littattafai a samansa, nesa da laimar ƙasa. Ba a taɓa gina gidan daidai yadda aka zana ba. Abin da ya cece ta kuwa, a ƙarni na 12 wani ya rubuta tarihin waliyyi Martin a bayanta, aka naɗe aka ajiye a matsayin littafi. Yanzu daƙiƙu kaɗan ake buɗe ta ga baƙi, don haske yana kashe launi. Idan aka buɗe, ku ajiye waya ku kalla.

A 926 mayaƙan Hangari suka nufo garin. Wata mai zuhudu, Wiborada, ta ba da shawara a kwashe littattafai zuwa Raishenau. Littattafai sun tsira, ita ta ƙi barin ɗakinta, aka kashe ta. A yaƙin 1712 kuma mutanen biranen Zurik da Bern suka yi awon gaba da kaya masu yawa, rigima da Zurik kan dawo da su ba ta mutu ba sai 2006. Babban ƙwallon taswirar duniya da za ku gani kwafi ne, na asalin yana Zurik.

Masu zuwa da yara, a riƙe hannunsu a zauren, ba a taɓa komai. Jakunkuna kuma a akwatunan ajiya za a bar su kafin a shiga.

Na gode, Allah ya kai mu lafiya.