Gidan da ake gadon rawar takai a Tawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Daga Tawa nake magana, cikin ƙasar Adar ta Nijar. Mai tasowa daga Sakkwato, Illela zai bi ya tsallaka Ƙonni, sannan ya miƙe arewa. Zauren nan na bayana na wani gidan makaɗa ne da ke koyar da takai, rawar da ake yi da sanduna. Ba allo, ba rajista. Kaka ya koya wa uba, uban kuma yana koya wa 'ya'yansa da na maƙwabta bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi.

Ku dubi ƙananan can, babu mai sanda a hannu. A gidan nan sanda ita ce ta ƙarshe. Da kunne ake farawa: a zaunar da yaro gefen makaɗa, a ba shi kazagi, wato ƙaramar ganga, ya riƙe bugu ɗaya tak, kada ya kauce ko mai ganga ya yi ta ƙawa. Sai taku, ƙafa zalla, hannuwa a baya. Sai tafi da abokin rawa a daidai gurbin da sanduna za su haɗu. Wanda aka yi wa gaggawar sanda, hankalinsa kan koma hannu, ƙafa ta ɓace masa, kuma gyaransa ya fi koyar da sabo wuya.

Ga manyan sun shiga da'ira. Ku ƙirga su, goma sha biyu ne, dole a yi cif-cif biyu-biyu. Kowa zai fuskanci abokinsa, su taka, su haɗa sanda, ya juya ya haɗa da na bayansa. Da mutum ɗaya zai yi rara, duk juyi sai wani ya daki iska, layin ya rikice.

Bari in tambayi maigidan. "Baba, me ya sa kake ta gyara wa wancan riƙo?"

"Ɗana, a tsakiya ya kama ta. Nan ne sandar ɗan'uwansa za ta sauka, yatsunsa za su sha."

Wato a gindi ake riƙewa, a ɗan karkatar da ita, ido kan sandar abokin rawa. Tsawonta kamu ɗaya da ɗan ɗori. Ɗanyen icce ba ya amo, wanda gara ta taɓa kuwa tsagewa yake, ɓallin ya yi fuskar mutum. Shi ya sa ake sara da wuri, a ɓare, a shanya a inuwa.

Ganga ce ke ba da umarnin juyi, don haka kulawarta aikin babban ɗa ne. Kangon icce ne, fatar akuya, tsarkiya ta ɗaure fuskokin biyu, ga zaga a kan fatar mai sa wannan zirin amon. Da damina fata kan saki, sai a ɗumama ta nesa da wuta a ja tsarkiya. In aka kai ta kusa da wutar sosai, ta ƙone ta fashe a tsakiyar wasa.

Ni dai a ganina abin da ya riƙe gidan shi ne makaɗi da mai rawa cin tuwonsu ɗaya. Mai ganga ya san wanda ya gaji tun daga takunsa, ya sassauta kafin 'yan kallo su lura. Dattawan nan suna yawan tuna zamanin Samariya, ƙungiyoyin matasa na lokacin shugaba Seyni Kunce, da unguwanni ke gasar rawa. Yanzu sai sallah, biki, ko bayan an kai gero rumbu. Kuɗin liƙi, daga dala ashirin har jaka, hannun maigida suke zuwa. Ya fara ware na fata da gyaran ganga, sannan ya raba saura.

Za su ɗaura akayau a ƙafa yanzu. Bari in yi shiru ku ji yadda ƙarfen ke faɗuwa tare da sanda.